Ruwa Zai Tsaya

9 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya lau, in ban da zafi. Baba yana shan maganin hawan jininsa ran da ya ga dama, ran da bai ga dama ba ya ce ya manta. Matata tana gaishe ki, jaririyar ta fara rarrafe.

Ma'aunin ruwan saman da kika sa aka kafa a bayan ajina yana nan. Kullum ƙarfe bakwai na safe, kafin a buga ƙararrawar makaranta, nakan buɗe shi in leƙa, in rubuta sifili a littafi, ran Juma'a in kai ofishin gona su aika muku ta oba-oba. Wata shida ke nan ba na samun komai a ciki sai saƙar gizo. Jiya dai an sami ci gaba, ƙadangare na tarar.

Ga abin da ya sa na rubuto. Shekara goma sha ɗaya kina aikin hasashen yanayi, kin san Baba bai taɓa tambayarki komai a kai ba. Maganarsa ɗaya ce, ruwa na Allah ne, kuma gwiwarsa ta fi na'urorinku sanin hadari. To shekaranjiya muna zaune a ƙofar gida sai ya ce, "Auta, in za ka rubuta wa Uwata, ka tambayar mini ita yaushe za mu yi shuka bana."

Na ɗauka wasa yake, na ce, "Baba, gwiwar fa?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Gwiwar ta yi mini ƙarya bara, ta yi mini bara waccan. Ka dai tambaye ta."

Irin da ya rage a rumbu na shuka ɗaya ne, Yaya, babu na biyu. Shi ya sa. Ki ba shi amsa yadda zai gane, ni zan karanta masa.

Ƙaninki,
Auta

*

21 ga Afrilu

Auta,

Na sami takardarka, na gode. Ina lafiya, sai ciwon ido na kallon taswira. Ka gaishe da Baba, ka gaishe da mai ɗakinka, ka ɗaukar mini jaririyar. Maganin Baba kuma ka daina tambayarsa ko ya sha, ka riƙa miƙa masa da ruwa a hannu.

Sau uku na karanta inda ka ce ya ce a tambaye ni. Na yi zaton ran da haka ta faru zan yi tsalle. Sai ga ni zaune a kujerata, fanka tana kaɗa takardu, abokin aikina yana neman wanda ya ɗauke masa biro. Na ninke takardar na sa a aljihun tebur, na ci gaba da aiki. Wataƙila murnar sai ta zo daga baya.

A gurguje nake rubutu, don jibi za mu fita rangadi. An ba mu mota ɗaya mu zaga tashoshin auna ruwa guda talatin da biyu, mu duba waɗanda suka lalace. Zai ɗauke mu mako bakwai ko fiye.

Ga abin da za ka faɗa wa Baba. Iskar da ke kawo mana damina daga teku take tasowa. Bana tekun ya yi ɗumi fiye da yadda ya saba, kuma balan-balan ɗin da muke sakewa sama kowace safiya yana nuna iskar ta fara juyowa tun yanzu. Don haka ruwan farko zai sauka wajenku da wuri, cikin mako na biyu na Mayu, kuma zai yi ƙarfi. Daga nan ruwa zai tsaya, kamar kwana ashirin zuwa ashirin da biyar. In aka haɗa daminar gaba ɗaya, za ta yi daidai da ta shekara mai kyau.

Ba zan ce masa ya yi kaza ko kada ya yi kaza ba. Wane ni in koya wa Baba noma? In ya ji wannan ya san abin yi. Ka ce masa hasashe ne, Allah ne masani.

Yayarka

*

14 ga Mayu

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, Baba ma har ya fi mu lafiya a kwanakin nan. Na san kina hanya, amma zan aika wannan ofishinku, in kin dawo kya tarar.

Yaya, ruwa ya sauka ran sha ɗaya ga wata, cikin mako na biyu, kamar yadda kika ce. Da la'asar hadari ya taso, kafin magariba an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Washegari na auna milimita talatin da takwas.

Tun ran da na karanta masa takardarki Baba yake ɗauke da ita a aljihu, shi da bai iya karanta ta ba. Da na zo wurin da kika ce ruwa zai tsaya, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "Ka ji ko? Zai tsaya. In ruwa ya tsaya wa shuka kwana ashirin, ai ta kama ƙasa, sai dai wani ikon Allah."

Da aka yi ruwan, tun kafin gari ya gama wayewa ya fito da iri. Kawu ya leƙo ta katanga ya ce, "Haba, ruwan farko? Ai mayaudari ne, a bari a ga na biyu." Baba ya zaro takardar ya ɗaga masa, ya ce, "'Yata ce ke zaune a ofishin ruwa. Ta faɗi makon da zai zo, ya zo. Ta kuma ce zai tsaya. Kai wa gare ka a can?" Kawu ya ce shi ba shi da kowa sai akuyarsa, ita ma ba ta ce komai ba. Aka yi dariya, ya koma ya ɗauko nasa irin.

Gida bakwai suka bi Baba. Kwana biyu muka yi muna shuka, gero da dawa, har gonar bakin rafi. Rumbun iri yanzu sai ƙura.

Da muna dawowa ya ce mini, "Ashe karatun Uwata bai tafi a banza ba." Na ce zan rubuta miki. Ya ce, "Kar ka rubuta, kanta zai kumbura." Ga shi na rubuta.

Ƙaninki,
Auta

*

26 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ki. Lafiyarmu ƙalau. Jaririyar ta yi zazzaɓi kwana biyu, ta warke.

Tun ran sha ɗaya ba a sake ɗigon ruwa ba. Yau kwana goma sha biyar. Kin ga lambobin, na sani, tunda ban fasa kaiwa ba. Sifili ne daga sama har ƙasa.

Shukar ta fito da kyau, layi-layi. Ta yi mako ɗaya tana kore. Daga nan ganyen ya fara naɗewa da rana, ya buɗe da yamma. Yanzu ya daina buɗewa. Gonar tudu ta ƙone gaba ɗaya, in ka taɓa tsiron sai ya marmashe a hannu. Ta bakin rafi da saura kaɗan. Hadari yakan haɗu da yamma, ya yi baƙi, iska ta zo ta watsa shi.

Ba wanda ya yi wa Baba magana marar daɗi. Da ma sun yi, da ya fi sauƙi. Gaisuwa kawai suke yi su wuce. Shi kuma ya daina zama a ƙofar gida. Shekaranjiya ya buɗe rumbun abincinmu ya auna hatsi ya kai wa kowane gida cikin bakwai ɗin, wai su ajiye su yi iri in ruwa ya dawo. Na ce ya bari in kai, ya ce bakinsa ne ya ja, ƙafarsa ce za ta kai. A ka ya ɗauka, da tsakar rana. Kawu ya ƙi karɓa, Baba ya ajiye masa a bakin zaure ya juyo.

Ya ce kada in gaya miki. Ya ce, "Ɗan'adam ne ya yi na'ura, na'ura kuwa takan yi kuskure. Kar ka sa ta ji kunya a wurin aikinta." Takardar dai ya fitar da ita daga aljihu, tana kan taga.

Ba na zarginki, Yaya. Ina dai so in san abin da ya faru. Ko layi biyu ne ki rubuto daga inda kike.

Auta

*

27 ga Mayu

Auta,

Gaisuwa daga bakin hanya. Ina lafiya, na yi baƙi, na rame, motar ta lalace mana sau huɗu. Ina fata kuna lafiya, Baba yana shan magani. Ban ga takardar kowa ba tun da muka fito, in ka rubuto tana can ofis tana jirana. Wannan ma wani direba zan ba ya jefa mini a gidan waya.

Muna wata tasha da ke bayan wani asibiti. Mai kula da ma'aunin nan ya rasu tun bara, ba wanda ya sanar da mu, matarsa ce take ta aunawa tana aiko mana da sunansa. Lambobinta sun fi na wasu ma'aikatanmu tsabta.

Jiya na kira ofis ta oba-oba aka karanto mini lambobin yankinku. Talatin da takwas ran sha ɗaya, daga nan shiru. Auta, abin ya zo daidai da yadda muka faɗa, har ni kaina na yi mamaki. Shekaru nake jin tsoron ranar da Baba zai tambaye ni in ba shi amsar da ba daidai ba. Allah ya rufa mini asiri.

Na san zaman jiran nan da wuya, musamman in maƙwabta sun yi shuka a ruwan farko shi yana kallo. Amma yanzu ya ga amfaninsa. Duk inda muka bi, waɗanda suka yi gaggawa shukarsu ta ƙone, abin ba kyan gani. Ina wucewa ina cewa a raina, mu dai irinmu yana rumbu.

Ka ce wa Baba ya ƙara haƙuri kaɗan. Ɗaukewar nan da na gaya masa ta kusa ƙarewa. Cikin makon farko na Yuni ruwa zai dawo, wannan karon ya zauna. Ranar da ka auna milimita ashirin ko fiye, washegari ku fita da iri.

Ka gaya mini abin da ya ce, kalma da kalma, kar ka rage komai.

Yayarka

*

8 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ki. Ni da matata da jaririyar muna lafiya.

Baba ya rasu ran biyar ga wata, bayan sallar asuba. An yi jana'izarsa da hantsi. Na aika saƙo ofishinku ta oba-oba tun ran da ya faɗi, aka ce kuna hanya, ba a san tashar da kuke ba. Zan faɗa miki yadda abin ya kasance a jere, don in ban bi shi a jere ba ba zan iya ba.

Ran ashirin da tara ya tafi gonar bakin rafi shi kaɗai. Azahar ta yi bai dawo ba. Na bi sawunsa na same shi kwance a tsakanin kunyoyi, idonsa biyu, bakinsa ya karkace. Muka kai shi asibiti a amalanke. Likita ya ce jinin ne ya hau, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya kwana biyu a can, aka ce mu dawo da shi gida. Yana gane mutane, yana magana, sai dai sai ka kai kunne.

Takardarki ta iso ran biyu ga wata. Na karanta ta a tsaye a zaure. Na ɗauko ta farkon daga kan taga na sake karantawa. Sai a lokacin na gane. Tsayawar da kika ce, ɗaukewa kike nufi. Mu kuma muka ji ta a zaunawa.

Akwai abin da ya kamata ki sani. Ran da na fara karanta masa, abin ya ɗarsu a raina cewa maganar tana iya zama haka, tana iya zama haka. Amma ya riga ya ce "Ka ji ko?", fuskarsa ta washe, ni kuma na yi shiru. Na ce a raina shi ne manomi, ya fi ni sani. Malamin makaranta ne ni, aikina ke nan in karanta abu in fahimtar, ban yi ba.

Na so in ɓoye takardar. Matata ta riga ta gaya masa ta zo. Ya ce in karanta. Na fara tsallake wasu wurare, ya buga tabarma da hannunsa mai lafiya, ya ce, "Duka."

Na karanta duka, har inda kika ce mu dai irinmu yana rumbu. Ya ƙura wa rufi ido. Can ya ce, "Ashe ta faɗa."

Na ce, "Ta faɗa, Baba."

Ya ce, "Na'urar ba ta yi ƙarya ba."

Na ce, "Ba ta yi ba."

Ya ce in kira Kawu da sauran. Na ce ya bari ya ji sauƙi, ya sake buga tabarma. Suka zo su bakwai suka cika ɗakin, wasu a bakin ƙofa. Ya sa na karanta musu takardun biyu, ta farko da ta biyu. Da na gama Kawu ya ce, "To ai da ta ce ɗaukewa kawai, da ba a yi haka ba."

Baba ya ce, "Ta ce. Ni ne ban ji ba." Sai da ya faɗa sau biyu kafin su gane, saboda bakin. Sannan ya ce, "Ku shirya iri. Ta ce makon nan."

Kin ce in gaya miki abin da ya ce kalma da kalma. Shi ke nan abin da ya ce. Bayan wannan bai ƙara wata doguwar magana ba, sai neman ruwan sha.

Ruwa ya dawo ran huɗu da yamma, kwana ashirin da huɗu cif bayan na farko. Yana jin sa a kan kwano, na ga yana motsa yatsu. Da asuba ya cika.

Ƙarfe bakwai na safiyar, ana cikin haɗa ruwan yi masa wanka, na ga kaina a bayan aji da gilashin awo a hannu. Ban san lokacin da na taho ba. Milimita arba'in da huɗu. Na rubuta a littafi na koma gida.

Washegari sauran gidajen shida suka yi shuka da hatsin da ya kai musu. Kawu ya zo da 'ya'yansa suka shuka mana tamu, da abin da Baba ya ajiye masa a bakin zaure. Suka gama suka tafi.

Mutane suna ta zuwa gaisuwa, suna tambayarki. Ina cewa kina hanya. Har yanzu ban yi kuka ba. Ina ci, ina barci, ina amsa gaisuwa. Matata ta ce zai zo.

Auta

*

15 ga Yuni

Auta,

Na gaishe ka. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ina lafiya.

Jiya da hantsi muka dawo. Ina shiga ofis shugabanmu ya tare ni a matakala ya ce hasashen bana ya yi kyau, daga sama ma an yaba, za a sa sunan sashenmu a rahoto. Na yi godiya. Na hau na zauna. Takardunka uku suna cikin tire, ƙarƙashinsu akwai 'yar guntuwar takarda ta mai oba-oba. Ban ga guntuwar ba sai daga baya. Na jera naka bisa kwanan wata na karanta ɗaya bayan ɗaya. A ta farko har na yi dariya wurin akuyar Kawu, kafin in kai ƙarshen shafin.

Da na gama na mayar da su ambulan. Abokin aikina ya tambaye ni ko lafiya, na ce mahaifina ya rasu kwana tara da suka wuce. Shugaba ya ce in tashi in tafi gida yanzu. Na ce akwai taswirar kwana goma da ban gama ba. Ya ce wani zai yi. Na ce ni zan yi. Na zauna na yi ta har aka tashi, ban yi kuskure ko ɗaya ba.

Kada ka ɗora wa kanka. A rahoton ofis na rubuta abin filla-filla, shafi huɗu, har da gargaɗin kada manoma su yi shuka a ruwan farko. Na sa hannu a kai. Baƙi na gaya wa haka. Da na zo kan Baba sai na ji nauyin in ce masa kada ya yi. Kalma ɗaya ce, Auta, kuma na san ta.

Na karanta inda ya ce "Ta ce" ban san sau nawa ba. Ina jira in ji wani abu. Kamar an yi mini allurar kashe zafi ne, ina taɓa wurin ina jin hannuna, wurin ba ya ji.

Zan ba direban motar safe wannan. Ni sai jibi, akwai takardun rangadi da zan miƙa, in ban miƙa ba tashoshi tara za su zauna babu gilashin awo har damina ta wuce. Ka ce wa Kawu ina zuwa, wurinsa zan fara sauka.

Taswirar da na yi jiya ta nuna ruwa mai yawa a yankinku daga ran Laraba, kwana uku a jere, da iska. Shukar da aka yi ba abin da zai same ta. Amma bangon gabas na ɗakin Baba yana tsatsa in ruwa ya yi yawa. Na fara rubuta maka ka matsar masa da gado, na soke. Ka dai kwashe kayansa daga jikin bangon, ka ajiye su inda ba za su jiƙe ba. Kada a raba komai sai na zo.

Yayarka